Me Ya Sa Motar Da Ake Ja Take Wuyar Tsayawa?

Duk mai bin hanyar Sakkwato zuwa Goronyo, ta Achida da Wurno, lokacin kakar albasa ya saba ganin wannan: a-kori-kura ta mutu da buhuna a bayanta, an ɗaura mata igiya, wata mota na janta. Direban baya na riƙe da sitiyari, hankalinsa kwance, ai akwai birki a ƙafarsa. To, a nan gizo ke saƙar.

Ƙarfin birki ba daga ƙafarka kaɗai yake fitowa ba. A gaban direba, cikin ɗakin inji, akwai wata baƙar na'ura mai kama da tukunya. Inji ke zuƙe iskar cikinta, ita kuma ta ninka ƙarfin takunka. Da inji ya mutu, taku biyu ko uku ajiyar ta ƙare, birki ya yi tauri kamar dutse. Yana kamawa, amma sai ka danna da dukan ƙarfinka. Sitiyari ma haka zai yi nauyi. In kuwa aka zare makulli, yana iya kullewa gaba ɗaya ana cikin tafiya.

Mu ɗan yi lissafi. Gudun kilomita 40 a awa, mita 11 ne a kowace daƙiƙa. Mutum kan ɗauki kamar daƙiƙa ɗaya kafin ya ga haɗari ya taka birki. Igiyar kuwa da wuya ta wuce mita 5. Na gaba ya ga akuya ya taka, na baya ya makara, ga birki ba ƙarfi. Ka ga sai karo.

To, a sa sandar ƙarfe maimakon igiya mana? Ta fi, don tana hana ta baya afka wa ta gaba. Sai dai aikin tsayawa ya koma kan birkin mota ɗaya. Idan mai tan 2 na jan mai tan 2, nisan tsayawa zai kusa ninkawa. Ka ninka gudu kuma, nisan ya ninka sau huɗu.

A Amurka wannan jan ba na gaggawa ba ne, tsari ne. Masu manyan motocin yawon buɗe ido, masu gado da kicin a ciki, kan jawo a-kori-kura a baya ba direba, don zirga-zirga in sun yada zango. Suna haɗa ta da ƙarfe mai siffar A, da sarƙoƙi biyu ko da ƙarfen ya ɓalle, da wayar fitilu, da na'urar da ke taka birkin ta baya da zarar ta gaba ta taka. Wato kowace mota da birkinta.

Saura giya. A yawancin motoci masu otomatik, inji ne ke juya famfon man giya. Ka ja ta inji a kashe, ko da tana firi, ƙarafa na juyawa mai ba ya zagayawa. Tun daga Rabah kafin a kai Sakkwato giya na iya ƙonewa. Shi ya sa ƙwararren bakanike ke kwance farfela kafin a ja.

In ta kama dole, a fara sauke kayan, a bar makulli a buɗe, a tafi a hankali da rana, direbobin biyu su yi yarjejeniya kan alamar tsayawa. In tafiyar da nisa, a kira janwe. Kuɗinsa bai kai na giya ba, balle na asibiti.