Maƙeran Fari: Kayan Aikin Hannu da Ƙaro Ilimi ta Intanet

BIDA — Tsadar da zinariya ta yi a kasuwannin duniya cikin 'yan shekarun nan ta tilasta wa ƙananan maƙeran kayan ado a Nijeriya su sake duba irin kayan aikin da ke hannunsu, da kuma hanyoyin da suke bi wajen ƙaro ilimin sana'arsu.

Farashin oza ɗaya, wato giram 31.1, ya haura dalar Amurka 2,000 a watan Agustan 2020, ya wuce dala 3,000 a watan Maris na 2025, sa'an nan ya tsallake dala 4,000 a watan Oktoban shekarar. A bisa wannan farashi na ƙarshe, giram ɗaya ya tasam ma dala 129. Ke nan duk ɗan garin zinariyar da ya zube ƙasa a maƙera, kuɗi ne ya zube.

Kamar yadda aka sani, maƙeran baƙi su ke ƙera fartanya da gatari da sauran kayan baƙin ƙarfe, su kuwa maƙeran fari aikinsu shi ne sarrafa zinariya da azurfa da tagulla su zama zobe da sarƙa da 'yan kunne da munduwa da awarwaro. Sana'ar tana da daɗaɗɗen tarihi a wannan yanki. Birnin Bida na Jihar Neja ya yi suna da maƙeran tagulla na Tswata Mukun da masu aikin gilashi na Masaga, har Hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin biranenta na sana'o'in hannu a 2021. Haka nan unguwar Igun a birnin Benin ta shahara da zubin tagulla, kamar yadda Agadas ta shahara da aikin azurfa.

Sai dai waɗannan maƙera suna gogayya da kayan da ake shigowa da su daga Dubai da Saudiyya da Indiya da Italiya. Bugu da ƙari, faɗuwar darajar Naira tun bayan da aka sakar wa kasuwa ikon tsayar da farashinta a watan Yunin 2023 ta ƙara wa kayan aikin da ake sayowa daga waje tsada. Saboda haka sai maƙeri ya san abin da zai fara saye da abin da zai jinkirta.

A wajen narkarwa, gawayi da zuga-zugi suna nan suna aiki, amma bututun wutar gas ya fi su sauƙin sarrafawa, domin yana kai harshen wuta daidai inda ake so. Zinariya tsantsa tana narkewa a digiri 1,064 na ma'aunin Salshiyas, azurfa a wajen digiri 962, jan ƙarfe kuma a digiri 1,085. Ya kamata kowane ƙarfe ya sami kaskon narkarwarsa, domin ɗan ƙanƙanen dalma in ya shiga cikin zinariya yakan sa ta riƙa tsagewa a ƙarƙashin guduma.

A wajen siffantawa kuwa, uwar maƙera da guduma da awartaki da magagari su ne tushe. Ana ƙara musu ɗan zarto mai siririn baki, da sandar ƙarfe mai tsini wadda ake naɗa zobe a kanta a kuma auna girmansa, da farantin ƙarfe mai huji manya da ƙanana wanda ake jan waya ta cikinsa har ta sirance. Injin murza ƙarfe na hannu ya fi sauran tsada, amma yana fitar da falle mai kauri ɗaya, abin da zai ci wa guduma wuni guda. Ƙarfe yakan taurare in ya sha duka ko murza, don haka ake mayar da shi wuta lokaci lokaci ya yi laushi kafin a ci gaba.

Abin da ya fi shafar aljihu shi ne awo da gwaji. A da da miskali ake auna zinariya, wanda ya kai kimanin giram 4.25. Yanzu ƙaramin sikelin lantarki yana nuna har kashi ɗaya cikin ɗari na giram. Zinariya tsantsa ita ce karat 24. Mai karat 22 tana da kashi 916 cikin 1,000 na zinariya, mai 21 tana da 875, mai 18 kuma 750. Alal misali, wanda ke da giram 15 na tsantsa yana son karat 18, sai ya ƙara giram 5 na azurfa da jan ƙarfe, ya sami giram 20. Ana gwada karat ta hanyar goga kayan a baƙin dutsen gwaji a ɗiga wa zanen ruwan asid. Kazalika fatar da ake shimfiɗawa ƙarƙashin teburin aiki tana tare garin da zarto da magagari ke zubarwa, a tara a sake narkarwa.

Ta fuskar ilimi, gado da zaman almajiranci a gaban maigida su ne hanyar da aka sani. Tun daga zuwan wayar salula a 2001 da buɗe YouTube a 2005, an sami wata ƙofa. Mai waya a hannu yana iya kallon yadda ake liƙa sarƙa, ko dasa dutse a kan zobe, ya tsayar da hoton ya maimaita sau nawa ya ga dama, ba tare da biyan komai ba sai kuɗin data. Cibiyar Nazarin Duwatsu Masu Daraja ta Amurka, GIA, wadda aka kafa a 1931, tana ba da wasu darussanta ta intanet ga mai iya biya. Akwai kuma manhajojin zane irin su Blender, wadda kyauta ce, da ake tsara zobe da su a kwamfuta, inji ya fitar da samfurinsa, a yi zubi.

Wannan zubi ba baƙon abu ba ne a nan, domin hanyar ɗaya ce da ta kakin zuma da ake lulluɓewa da yumɓu a narkar, a zuba ƙarfe a gurbinsa. Abin da darussan ke ƙarawa shi ne lissafi: nauyin kakin a ninka shi kusan sau 10 da rabi in azurfa za a zuba, ko kusan sau 15 da rabi in zinariya ce mai karat 18. Da haka maƙeri zai faɗa wa mai kaya farashi tun kafin ya hura wuta.

Amma fa hanyar tana da iyakarta. Galibin darussan da Turanci ake yin su, kuma sau da yawa da kayan aikin da ba a samu a kasuwanninmu. Har ila yau, kallo ba ya koya wa hannu nauyin guduma. Dole ne kuma mai koyo ya kiyaye lafiyarsa: hayaƙin zaiba da na abin liƙi mai kadmiyam guba ne, aikin asid yana bukatar wuri mai iska da tabarau, kuma asid ake zubawa cikin ruwa, ba a zuba ruwa cikin asid.

A watan Yulin 2020 Babban Bankin Nijeriya ya sayi curin zinariya mai nauyin kilo 12.5 da aka haƙo a cikin gida a kan Naira miliyan 268, kuma a 2021 mahaƙar Segilola ta Jihar Osun ta fara fitar da zinariya. Ƙarin darajar da ke tsakanin curi da sarƙar amarya kuwa a hannun maƙeri take. A nan ne Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu, ITF, da aka kafa a 1971, da Hukumar Bunƙasa Ƙanana da Matsakaitan Sana'o'i, SMEDAN, ta 2003, za su iya taimakawa, ta hanyar shirya darussa na hoto da Hausa da Nupanci da Yarabanci. Su ma ƙungiyoyin maƙera za su rage wa kansu nauyi in suka haɗa kuɗi suka sayi injin murza ƙarfe da na'urar gwaji guda, kowa ya riƙa amfani da su bi da bi.