Wa'azin Lahadi tun Litinin ake shirya shi

Kowace ranar Lahadi da hantsi, a Maraɗi da Damagaram da Galmi da Yamai, ana jin waƙoƙin Hausa suna tashi daga majami'u. In an ƙare waƙa da addu'a, sai mutum guda ya miƙe, ya buɗe Littafi Mai Tsarki, jama'a su yi tsit. Wannan shi ne lokacin wa'azi. Kiristoci ba su da yawa a Nijar, domin ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna ba su kai kashi 1 cikin 100 ba. Amma abin da aka faɗa musu ranar Lahadi yana bin su gona da kasuwa da wurin aiki, inda suke cuɗanya da ƴan'uwansu Musulmi. Saboda haka yadda ake shirya wannan magana abu ne da ya shafi kowa.

Harshen da jama'a ke ji

Mishan ta SIM ta sauka Damagaram a 1924, daga baya ta kafa zango a Tsibiri kusa da Maraɗi, ta kuma buɗe asibitin Galmi a 1950. Katolika sun zauna Yamai a 1931. Abu na farko da baƙin suka gane shi ne wa'azin da ba a ji ba, iska ne. Dole suka duƙufa koyon Hausa. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki dungum cikin Hausa, aikin da likita Walter Miller na Zariya ya yi wa hidima shekara da shekaru. An fitar da sabuwar fassara a 1979. Makarantar Littafi Mai Tsarki ta Agiye kuwa ta horar da masu bishara da yawa cikin Hausa tsantsa, suka bazu ƙauyuka. A wajen Katolika, babban taron Batikan na biyu, daga 1962 zuwa 1965, shi ya buɗe ƙofar yin sujada da harsunan jama'a maimakon Latin.

Sai dai fassara littafi rabin aiki ne. Sauran rabin yana wuyan mai wa'azi, kowane mako.

Aikin kwana shida

Fada na Katolika ba ya zaɓen nassi da kansa, domin akwai tsarin karatu na shekara 3 da aka shimfiɗa wa ikilisiya duka. Fasto kuwa galibi shi ke zaɓe. Amma daga nan hanyarsu guda ce. Tun farkon mako mai wa'azi yakan karanta nassin sau da yawa, ya duba abin da ke gabansa da abin da ke bayansa, don kada ya tsinke aya daga jikinta ya ɗora mata abin da ba ta ce ba. Yakan tambayi kansa: wa ya rubuta, wa aka rubuta wa, wace damuwa ce ta sa aka rubuta? Sa'an nan ya nemi magana guda da zai tsaya a kanta. Wanda ya ɗebo batutuwa bakwai, jama'a kan fita ba su riƙe ko ɗaya ba.

Mataki mafi wuya shi ne ɗauko maganar daga ƙasar Falasɗinu ta dā a kawo ta ƙofar gidan mai saurare. Misalin mai shuka, wanda ke cikin sura ta 4 ta Bisharar Markus, ya isa shaida. A can manomi watsa iri yake yi da hannu, shi ya sa wani ya faɗa kan hanya, wani kan duwatsu, wani cikin ƙaya, wani a ƙasa mai kyau. Manomin Gobir ko na Damagaram ba haka yake shuka hatsi ba. Wani ke gaba yana sara da sungumi, na baya su zuba iri a rami su rufe da ƙafa. In aka karanta masa misalin ba bayani, sai ya ce a ransa wannan mai shuka mabarnaci ne, hankalinsa ya bar wa'azin. Mai wa'azin da ya shirya yakan fara bayyana wannan bambanci. Daga nan ya tuna masa binne, wato irin da aka rufe a busasshiyar ƙasa ana jiran ruwa, da tsuntsayen da ke tonowa, da ƙuduji mai shaƙe hatsi. Nan take manomi zai gane da zuciyarsa ake magana.

Ranar tsayuwa

Ogustin, bishop na Hippo, garin da ake kira Annaba yau a Aljeriya, ya rasu a shekara ta 430. Ya bar wa masu wa'azi ma'auni uku da ake koyarwa har yanzu: a ilimantar, a riƙe hankalin mai ji, a motsa shi ga aiki. A ganinsa gara masana nahawu su zargi mai wa'azi da a ce talaka bai fahimce shi ba.

Tsawon magana ma abin lura ne. A 2024 Paparoma Faransis ya shawarci limaman Katolika kada wa'azinsu ya wuce minti 8. A majami'un bishara akan zarce haka nesa, amma kunne ɗaya ne ko'ina: tsohuwar da ta tako daga ƙauye cikin zafin bazara, da mai goyo, suna da iyakar abin da za su ɗauka. A birane kamar Yamai, inda ake wa'azi da Faransanci tafinta yana juyawa cikin Hausa ko Zabarmanci, kowane minti biyu ne. Mai hikima yakan gajarta jimlolinsa, ya sanar da tafinta nassi da manufa tun kafin ranar, ya kuma guji karin maganar da ba ta ƙetara harshe. Ɗaga murya ba ya maye gurbin shiri, ko da an ƙure amsa-kuwwa.

Magana zarar bunu

A ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015, zanga-zangar da ta biyo bayan zanen wata jaridar Faransa ta rikiɗe a Damagaram da Yamai. An ƙone majami'u masu yawa, mutane aƙalla 10 suka rasu. A wurare da dama maƙwabta Musulmi ne suka ɓoye Kiristoci a gidajensu. Cikin makonnin da suka biyo baya, masu wa'azi sun tsaya gaban jama'ar da ke cikin tsoro da ɓacin rai, wasu a gindin bangon da wuta ta lashe. Kalma guda ta ramuwa da ta isa ƙara hura wutar. Shugabannin ikilisiyoyi suka zaɓi kiran gafara da haƙuri. Irin wannan rana ce ke nuna amfanin sabawa da auna magana tun lokacin lafiya.

Abu na ƙarshe ba a takarda ake shirya shi ba. A ƙauye kowa ya san mai bishara: an san yadda yake biyan bashi, da yadda yake zaune da iyalinsa, da ko yana zuwa gaisuwar mutuwa gidan maƙwabcinsa Musulmi. Gani ya kori ji. Wanda halinsa na kwana shida ya ƙaryata bakinsa na Lahadi, ko ya fi kowa fasaha, ba mai ɗaukar maganarsa zuwa gida.

Allah ya sa masu yi wa jama'a magana, a majami'a da masallaci, su zama sanadin zaman lafiyar ƙasa.