Yadda tabo da tsohon fenti suka tona asirin jitar Paul McCartney da ta ɓace shekara 51

A watan Satumban 2023 wasu iyalai a garin Hastings da ke kudancin Ingila suka sauko da wata tsohuwar jita daga ɗakin tarkacen da ke saman gidansu. Wuyanta ya tsage, na'urorin ɗaukar sautinta ba sa aiki. Wanda bai sani ba zai iya ɗauka kayan bola ne.

Ashe jitar da aka daɗe ana cigiya ce, wadda Paul McCartney na ƙungiyar mawaƙa ta Beatles ya kaɗa a waƙoƙinsu na farko irin su Love Me Do da She Loves You.

Sai dai kama da wane ba ta wane. Kamfanin Höfner na Jamus ya ƙera dubban jitoci masu irin wannan siffa, ga kuma na kwaikwayo birjik a kasuwa. To ta yaya aka tabbatar ita ce?

Daga Hamburg zuwa hannun ɓarawo

McCartney ya sayi jitar a birnin Hamburg a 1961 kan kusan fam 30, yana ɗan shekara 18. Samfurinta shi ne Höfner 500/1, jita mai tsirkiya huɗu da kaurin amo, wadda ake kira bes. Jikinta ya yi kama da gogen Turawa, ɓangarorinta biyu daidai wa daida, abin da ya yi wa McCartney daɗi kasancewarsa bahago.

A 1963 ya samu wata sabuwa, tsohuwar ta koma ta ko-ta-kwana. An ga ta farkon a hotunan bidiyon da aka ɗauka a Janairun 1969, daga nan labarinta ya ɗauke.

A 2018 Nick Wass, wani jami'in Höfner, ya fara neman ta, daga baya 'yan jarida biyu, Scott da Naomi Jones, suka shigo cikin aikin. Da suka yi shela a 2023, ɗaruruwan mutane sun aiko da bayanai. A ciki ne wani tsohon ma'aikacin McCartney ya bayyana cewa an sace ta daga motar kaya a unguwar Notting Hill ta Landan a Oktoban 1972. Ɓarawon ya sayar wa wani mai mashaya, ta ci gaba da zama a hannun danginsa har ta kai Hastings.

Alamomin da suka raba gardama

Masu neman sun wallafa alamomin da za a duba, kuma kashi biyu ne.

Kashin farko na shekarar ƙira ne. A samfurin 1961 an rubuta sunan Höfner a tsaye, daga sama zuwa ƙasa, a kan jitar. Na'urorin ɗaukar sauti guda biyu kuma suna dab da juna kusa da wuya. A wadda ya samu a 1963 an raba su, ɗaya ta koma can ƙasa. Sannan dole ta zama ta bahago.

Waɗannan sun nuna samfurin ne kawai. Kashi na biyu ne ya nuna mai ita.

A 1964 an kai jitar gyara a Landan. Aka sake mata fenti mai duhu a gefe da haske a tsakiya, aka kuma ɗaure na'urorin sautin biyu a cikin wani baƙin katako guda ɗaya, abin da masana'antar ba ta yi. An kuma cire farantin da ke kare jikinta daga ƙarzuwa.

A al'adar masu tara tsofaffin jitoci, sake fenti yana karya daraja sosai. A nan kuwa gyaran ne ya zama shaida, domin ana iya kwatanta shi da hotunan da aka ɗauka bayan 1964. Höfner ya duba ya tabbatar, aka sanar da duniya a Fabrairun 2024. A Disambar shekarar McCartney ya sake kaɗa ta a gaban jama'a a Landan.

Me ya sa ake wannan bin diddigi?

Kuɗi ne masu yawa a ciki. A 2020 an yi gwanjon jitar Kurt Cobain, samfurin Martin D-18E na 1959, kan dala miliyan 6. Guda 302 kacal aka ƙera irinta.

Inda kuɗi suke kuwa, nan 'yan damfara ke taruwa. A Nuwamban 2024 jami'an kwastan na Amurka sun nuna jitocin Gibson na jabu fiye da 3,000 da suka kama a tashar ruwan Los Angeles, waɗanda da na gaske ne da kuɗinsu ya haura dala miliyan 18.

Abin da masana ke dubawa

Ba sa tsayawa kan suna ko lambar da aka buga a jiki, domin su ne mafi sauƙin kwaikwayo. Sukan buɗe cikin jitar su karanta lambobin da ke bayan maɓallan ƙara sauti. A jitocin Amurka da yawa lambar na nuna kamfanin da ya yi maɓallin da shekara da mako.

Sukan haska fentin da fitila ta musamman a cikin duhu, inda aka yi faci sai ya fito daban. Sukan duba ramukan kusoshi da aka toshe, da irin dalmar da aka haɗa wayoyi da ita, da zanen jijiyar katako, wanda babu jita biyu da suke da iri ɗaya.

Alama ɗaya ba ta isa hujja, tunda ana iya ɗaura tsohon maɓalli a sabuwar jita. Sai ƙira da kayan ciki da tarihin hannayen da ta bi sun yi magana ɗaya.

Saboda haka duk wanda ya gaji tsohon kayan kiɗa, kada ya yi gaggawar kankare shi ko shafa masa sabon fenti kafin masani ya gani. Ya adana akwatinsa da rasit da tsofaffin hotuna. Jitar Hastings ma a cikin akwatinta na asali aka same ta.