Ilimin Mata da Rabon Iko a Ƙasar Adar

Ƙasar Adar, wadda ta shimfiɗu daga birnin Tawa zuwa kwarin Keita da duwatsun Buza, ta kuma yi iyaka da filayen kiwo na Azawak ta wajen arewa, ta daɗe da shahara da cin rani, wato tafiyar da maza ke yi bayan an kawar da amfanin gona domin neman kuɗi a Abijan da biranen Najeriya da Kamaru da Libiya, wasu su dawo da saukar ruwan farko, wasu kuma su shekara biyu ko uku ba su waiwayo gida ba. Abin da wannan al'ada ta haifar shi ne, a ƙauyuka da dama mata ne ke riƙe da gari tsawon watanni, su ne ke yanke shawarar ranar da za a buɗe rumbu, da akuyar da za a kai kasuwa, da lokacin da ciwon yaro ya kai a ɗauke shi zuwa likita. Sai dai da zarar magana ta bar tsakar gida ta shiga ofishin magajin gari ko gaban alƙali ko hukumar filaye, sai ta koma takarda, takardar kuma da Faransanci aka rubuta ta, kuma a nan ne ikon da mace ke da shi a aikace yake kuɓuce mata ya koma hannun wanda ya iya karantawa.

Babu wanda ya san tarihin yankin da zai yi shakkar ƙwazon waɗannan mata a aikin jama'a. Lokacin da aka buɗe aikin raya karkara na Keita a 1984, da kuɗin ƙasar Italiya da goyon bayan hukumomin abinci da aikin gona na Majalisar Ɗinkin Duniya, bayan farin da ya ƙone gonaki ya kuma kori maza zuwa kudu, mata ne suka fi yawa a wuraren aikin. Su suka yi dakon duwatsu a ka, suka jera su layi-layi a kan fako domin tare ruwan sama kada ya kwashe ƙasa, suka haƙa ramuka a gangaren tsaunuka suka dasa miliyoyin itatuwa, ana biyan su da rabon abinci. Ƙasar da aka riga aka fid da rai da ita ta sake ba da gero. Amma zanen aikin da lissafin kuɗinsa da rahotannin da aka aika Yamai da Roma duk a hannun masu ilimin boko suka tsaya, kuma kaɗan ne ƙwarai daga cikinsu ƴaƴan waɗannan ƙauyuka mata.

Dimokuraɗiyya, wato tsarin da jama'a ke zaɓen masu mulkinsu su kuma bi diddigin abin da suka yi da amanar da aka ba su, tana da fuska biyu waɗanda nauyinsu ba ɗaya ba ne. Jefa ƙuri'a ba ya bukatar karatu sosai, tunda takardar zaɓe na ɗauke da hoton ɗan takara da alamar jam'iyya, kuma matan Adar sun sha yin dogon layi a rana domin dangwala yatsa, musamman da yake jihar ce mahaifar Mahamadou Issoufou, ɗan Dandaji ta gundumar Illela, wanda ya mulki Nijar daga 2011 zuwa 2021. Bin diddigi kuwa aiki ne na wanda zai iya duba kasafin kuɗi, wato takardar da ke nuna abin da hukuma za ta tara da inda za ta kashe shi, ya ga nawa aka ware wa rijiya, nawa kuma aka ware wa man motar shugabanni. Binciken lafiya da yawan jama'a da aka yi a Nijar a 2012 ya nuna cewa kashi 14 cikin 100 ne kawai na mata masu shekara 15 zuwa 49 suka iya karatu, alhali na maza ya kai kashi 42, kuma wannan tazara ce ke bayyana dalilin da ya sa ake neman mata ruwa a jallo a lokacin yaƙin neman zaɓe, a raba musu atamfa da sabulu, sa'an nan a daina jin muryarsu har sai wani zaɓen ya zagayo.

Ƙofar da matan Nijar suka shiga siyasa ta cikinta ma masu ilimi ne suka tura ta. A ranar 13 ga Mayun 1991, dubban mata suka yi maci a Yamai domin nuna ƙin amincewa da yadda aka sa mace ɗaya tak a kwamitin shirya babban taron ƙasa, kuma a sahun gaba akwai malaman makaranta da ma'aikatan gwamnati da ƴan ƙungiyoyin ƙwadago, waɗanda suka san abin da rashin kujera a irin wannan kwamiti ke nufi. An ƙara musu kujeru, ranar kuma ta zama ranar matan Nijar. A shekarar 2000 aka kafa dokar kaso, wadda ta tilasta kada ɗaya daga cikin jinsunan biyu ya gaza kashi 10 cikin 100 na muƙaman zaɓe da kashi 25 na muƙaman naɗi, aka ɗaga kason zaɓe zuwa 15 a 2014, sannan zuwa 25 a 2019. Majalisar dokokin da aka zaɓa a 1999 mace ɗaya ce a cikin wakilanta 83, amma ta 2004 ta samu mata 14 a cikin 113.

A ƙananan hukumomi ne dai aka fi ganin inda dokar ta tsaya. Zaɓen watan Yulin 2004, wanda ya kafa majalisun ƙananan hukumomi 265 a faɗin ƙasar, ya kai mata kujerun kansila a garuruwa irin su Kalfu da Tamaske da Bambai, sai dai kansilar da aka miƙa wa daftarin kasafi da harshen da ba ta karantawa dole ta dogara da abin da wani ya ga damar fassara mata, ta ɗaga hannu a kan abin da ba ta gani da idonta ba. Wannan ba gazawar hankali ba ce, kuma ƙungiyoyin Mata Masu Dubara shaida ne. Waɗannan ƙungiyoyin asusu, waɗanda ƙungiyar CARE ta fara a jihar Maraɗi a 1991 kafin su bazu zuwa Tawa, suna haɗuwa mako-mako, kowace mace ta zuba nata a gaban kowa, a ƙirga da ƙarfi, a rufe akwatin ƙarfe da makullai uku waɗanda ke hannun mata uku daban-daban, bashin da aka ba kowa kuma a riƙe shi da ka ba tare da an yi kuskure ba. Tsari ne na tsare dukiyar jama'a da ya fi na ofisoshi da yawa tsabta, amma ƙwaƙwalwa tana iya riƙe lissafin mata talatin ne, ba na ƙaramar hukuma mai ƙauyuka masu yawa ba.

Jihar Tawa ce kuma aka fara gwada wani tsari a 2004, da taimakon hukumar JICA ta Japan, inda iyaye ke zaɓen kwamitin kula da makaranta, wanda aka fi sani da COGES, ta hanyar ƙuri'ar asiri maimakon a bar wa mai gari ya nuna wanda yake so, sa'an nan a tsara ayyukan shekara a taron gari a kuma dawo a ba da bayanin abin da aka kashe. Tsarin ya yi nasarar da ta sa aka bazu da shi ƙasa baki ɗaya, kuma ga iyaye mata da yawa wannan ne zaɓe mafi kusa da rayuwarsu, tunda a kan rufin ajin ƴaƴansu ake magana. Duk da haka kujerar sakatare ta mai alƙalami ce, shi ya sa take yawan komawa hannun namiji.

Inda ƴan mata suka fi zubewa shi ne tsakanin ƙarshen firamare, mai shekara 6, da kwaleji, mai shekara 4. Firamare ta kai ƙauyuka da yawa, amma kwaleji sau da yawa tana hedikwatar ƙaramar hukuma ne, nisan da yarinya ba za ta iya takawa kullum ba, don haka sai an nema mata gidan da za a riƙe ta, inda takan koma mai ɗebo ruwa da daka, ba mai kula da karatunta, ba kuma mai tsare mutuncinta yadda uwa za ta yi. Uban da ke Abijan da uwar da ke bukatar mai taya ta aiki sukan ga aure ya fi wannan kasada kwanciyar hankali, a ƙasar da binciken 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na ƴan mata na yin aure kafin su cika shekara 18, kuma dokar farar hula ta amince da auren mace daga shekara 15. Dokar da gwamnati ta fitar a Disamban 2017 domin kare yarinya mai karatu, da makarantun kwana na ƴan mata da tsohon shugaban ƙasa Mohamed Bazoum ya sa a gaba, duk wannan giɓi suka nufa. Birnin Tawa na da makarantar horon malamai ta Kaocen da jami'ar da ke ɗauke da sunan Djibo Hamani, masanin da ya rubuta tarihin Adar, amma ƴar Garhanga ko Ibohaman ba za ta taka ƙofarsu ba sai ta tsallake waɗannan shekaru huɗu. A arewa kuma, wajen Tiliya, inda ƴan bindiga suka kashe mutum 137 a Maris ɗin 2021, rashin tsaro ya ƙara wa iyaye dalilin riƙe ƴaƴansu a gida.

Masu ɗora wa addini laifin hana ƴan mata karatu ba su yi wa tarihin yankin adalci ba. A Marata, kusa da Galmi cikin jihar Tawa ta yau, aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754, wanda ya yi kakkausar suka ga malaman da ke barin matansu da ƴaƴansu mata cikin jahilci, kuma ƴarsa Nana Asma'u ce ta kafa tsarin ƴan taru, inda malamai mata da ake kira jaji ke bin ƙauyuka suna karantar da mata da harshen da suke ji. Damuwar iyayen Adar ta fi karkata ga nisa da tsaro da kuma shakkar ko karatun zai haifar da wani abu, kuma kowace daga cikin ukun aikin hukuma ce ta magance ta.

Tun juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 babu zaɓaɓɓiyar majalisar dokoki, an kuma rushe majalisun ƙananan hukumomi a 2024 aka naɗa masu riƙon ƙwarya. Kundin da aka ƙaddamar a Maris ɗin 2025 ya tsayar da wa'adin mulkin riƙon ƙwarya na wata 60, wanda ke nufin yarinyar da ta shiga kwaleji a 2025 tana da shekara 13 za ta kai shekarun jefa ƙuri'a a 2030. Kundin ya kuma ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya mai da Faransanci harshen aiki, matakin da zai iya rage wa matan Adar rabin wahala idan har ya sauka daga takarda, wato idan aka buga littattafan firamare da na yaƙi da jahilci da Hausa da Tamashek da Fulfulde, aka horar da malamai mata da za su zauna a ƙauye, aka kuma wajabta wa kowace ƙaramar hukuma ta manna kasafin kuɗinta a ƙofar ofis da harshen da masu biyan haraji ke magana da shi.