Zurfin Bit Da Gyaran Tsofaffin Hotunan Sakkwato

Duk wanda ya shiga Gidan Tarihi na Waziri Junaidu a birnin Sakkwato zai tarar da rubuce-rubucen Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, da na ƙanensa Abdullahi, da na ɗansa Muhammadu Bello. A gidajen gari kuwa akwai hotunan zamanin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, wanda ya yi sarauta daga 1938 zuwa 1988. Zafi da ƙura sun sa da yawansu sun koɗe. Masu ɗaukar hotonsu domin adanawa cikin kwamfuta sun kyauta ƙwarai, amma muna so mu jawo hankalin malamai da akawuna kan wani abu da ake kira zurfin bit.

Kwamfuta ba ta ganin launi yadda ido yake gani, ƙidaya take yi. Tsakanin baƙi ƙirin da fari fat takan yanka matakai. In hoto mai bit 8 ne, kamar JPEG, matakan 256 ne ga kowane launi, watau ja da kore da shuɗi. In mai bit 16 ne, kamar yadda TIFF yake iya ɗauka, matakan 65,536 ne.

To, ido ba ya rarrabe su biyun, sai an zo gyara. A ce hoto ya koɗe, abin da ya rage a cikinsa bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na matakan ba. Mai bit 8 yana da kamar 51 ke nan, mai bit 16 kuwa ya haura 13,000. Da an ja waɗannan 51 domin baƙi ya yi baƙi, fari ya yi fari, sai sararin sama ya fito zane-zane, ninkin rawani ya ɓace, siririn wasali ya saje da takarda. Haka hoton da aka ɗauka cikin hazo yake yi.

Tsofaffin akawunan Baitulmali sun san wannan tun zamanin fam da sule. Wanda yake zubar da anini a kowane layi, in ya zo jimla sai ya ga lissafi ya ƙi. Kowane gyara lissafi ne, kuma mai bit 8 yana zubar da anininsa kowane karo.

Sa'an nan akwai tsabar nan mai kama da yashi da takan ɓata hoton da aka ɗauka cikin zaure mai duhu. Kada wani ya ruɗe ku, yawan bit kaɗai ba ya kawar da ita. Dabarar ita ce a kafa kyamara kada ta motsa, a ɗauki shafi guda sau 4, kwamfuta ta haɗa su ta fid da matsakaici. Tsabar za ta ragu da rabi. In sau 16 ne, rubu'i zai saura. Amma lalle a yi haɗin nan cikin bit 16, in ba haka ba ribar ta zube wajen cike lissafi.

Gaskiya ne mai bit 16 yana cin wuri ninki biyu. Mu dai a ganinmu wannan araha ce a kan takardar da watakila ba za ta jure a sake buɗe ta ba. A ajiye na asalin, a fid da JPEG domin rabawa. Wanda ya riga ya ɗauka cikin bit 8, mayar da shi bit 16 daga baya ba zai komo da matakan da suka salwanta ba, sai ya sake ɗauka.