Kashin kaji: taki ga garka, cuta ga tsakar gida

Yau hirarmu a kan kashin kaji take.

Da wuya a samu gidan da ba a kiyon kaji ko zabi. In baƙo ya zo, a yanka ɗaya. In yaro ba shi da lahiya, a saida ɗaya a sayi magani. Kashinsu kuma taki ne, ya hi na shanu ƙarhi. Masu noman rani sun san haka.

Amma cikin ɗanyen kashin akwai ƙwayoyin cuta. Ido ba ya ganin su, sai da madubin likita. Ɗaya daga cikinsu ana ce mata salmonela. Kaza tana iya ɗauke da ita alhali tana yawonta lahiya lau. In ta shiga cikin mutum, sai zawo da amai da zahin jiki.

Wa cutar ta hi kamawa? Jinjiri mai rarrahe. Ku duba tsakar gidanku. Kaji sun bi ko'ina sun yi kashi. Yaro ya dahwa hannu a ƙasa, ya kai baki. Ƙuda ya sauka bisa kashi, ya tashi ya sauka bisa ƙwaryar hura. Kaza ta hau bakin randa. Bayan kwana ɗaya ko biyu yaro ya kama zawo, a ce haƙori ne yake hiddawa. Zawo yana tsotse ruwan jikin yaro, yana hana shi girma, yana kuma kisa.

To, ga abin da za mu yi.

1. A yi wa kaji akurki nesa da madahwa da randa. Kada su kwana ɗaki ɗaya da mutane.

2. A share tsakar gida kowace sahiya, tun yara ba su hito ba. A shimhiɗa wa jinjiri tabarma mai tsabta.

3. Kahin a share akurki, a yayyahwa ruwa don ƙura ta kwanta. A ɗaura ƙyalle a hanci da baki. Warin nan mai yaji yana ɓata ido da ƙirji.

4. A kwashe kashi da shebur ko guntun kwano. A sa takalmi. Mai rauni a hannu ko a ƙahwa ya ɗaure shi tukuna, don ciwon tetanos mai sandarar da jiki ta rauni yake shiga. Kada a ba ƙananan yara ko mace mai ciki wannan aiki.

5. In an gama, a wanke hannu da ruwa da sabuni. In babu sabuni, a cuɗa da toka. Kwandon taki na taki ne kaɗai, ba a zuba hatsi a ciki.

Yanzu yaya za mu mai da kashin taki mai kyau? Sai mu bar shi ya ruɓe. A gina rami, zurhinsa kamar mita 1, nesa da rijiya da mita 30 ko hiye, wajen da ruwan sama ba ya gangarowa zuwa rijiyar. A zuba busasshiyar ciyawa ko yankakken kara a ƙasa. A zuba kashin kaji bisa. A yayyahwa ruwa, kada ya yi yawa. A sake zuba ciyawa, a sake zuba kashi, har rami ya cika. A ruhe da kara.

Bayan ƴan kwanaki ku soka sanda a tsakiya, ku bar ta kaɗan, ku zare. Za ku ji ta da zahi. Wannan zahi shi ke kashe ƙwayoyin cuta. Kowane kwana 15 a juya, na gehe ya koma tsakiya, don shi ma zahin ya same shi. Bayan kamar wata 3 taki ya nuna: ya yi baƙi, ya daina wari, ya huce.

Wani zai ce: «Ni ɗanye nake zubawa.» Ɗanyen kashi yana ƙone saiwar shuka. Kuma masana suna ba da shawara a bar kwana 120 tsakanin zuba ɗanyen taki da cire abin da ke taɓa ƙasa. Salati ba ya kai haka a garka. Ke nan ɗanyen kashin kaji bai dace da salati ba, tunda ba dahwa shi ake yi ba. Ko da ruɓaɓɓen taki aka yi noma, a wanke salati da tumati da karoti da ruwa mai tsabta kahin a ci.

Akwai wata magana. A shekara ta 2006 murar tsuntsaye ta ɓulla a Magariya, cikin jihar Damagaram. Wannan cuta tana bin kashin kaji, tana kuma iya kama mutum. In kun ga kaji suna mutuwa da yawa kwatsam, kada ku taɓa su da hannu, kada ku ci, kada ku kai kasuwa. Kashinsu ma kada a kai garka. Ku gaya wa likitan dabbobi nan da nan.

In yaro ya kama zawo, a ci gaba da ba shi nono. A dama mishi ƙunshin maganin zawo na gidan likita. In babu, a samu lita 1 ta tahwasasshen ruwa da ya huce, a sa sukari cokalin shayi 6 da gishiri rabin cokalin shayi. A riƙa ba shi kaɗan-kaɗan. In akwai jini a kashinsa, ko ya kasa sha, ko idonsa ya hwaɗa, a kai shi gidan likita ba jinkiri.

Ga tambayoyi biyu da za ku tattauna da malaminku. Ina kajin gidanku suke kwana? Taki nawa za ku iya tarawa kahin lokacin garka?

Sai wani mako. Mu kwana lahiya.