Yadda 'yan sandan Amurka ke samun ƙarin kuɗi bayan sun tashi daga aiki

A biranen Amurka da dama, ɗan sandan da ake gani a ƙofar banki ko kanti ba lallai ne yana bakin aikin gwamnati ba. Sau da yawa ya riga ya tashi, mai wurin ne ya ɗauke shi gadi, yana biyan sa gwargwadon sa'o'in da ya yi.

Abin da mai wurin ke saya shi ne kwarjinin kaki da bindiga da ikon kama mai laifi. A birnin New York, rundunar 'yan sanda ce ke tsara wannan aiki tun 1998.

Sai dai tsarin na da illa. A 2011 Ma'aikatar Shari'ar Amurka ta bayyana shi a matsayin babbar kafar rashawa a rundunar birnin New Orleans, inda wasu jami'ai suka fifita masu biyan su a kan aikin jama'a. Daga bisani aka kafa ofishi a wajen rundunar domin ya riƙa raba aikin.

Akwai kuma batun alhaki: idan jami'i ya harbi mutum yana gadin kanti, mai kantin za a tuhuma ko hukumar birni? Sau da yawa kotu ce ke warwarewa.